Ku Tambayi Barista: Mai kamfanin yawon buɗe ido da ya mutu a tsare a Mosko

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan magana ɗaya suke, wato labarin mutumin nan ɗan Rasha mai ƙaramin kamfanin tafiye-tafiye da aka kama bisa zargin yana shirya wa 'yan luwaɗi yawon buɗe ido, ya mutu a tsare, aka kuma yanke masa hukunci bayan yana ƙasa. Na zaɓi wasu daga ciki, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Barista barka da aiki. Dan Allah wani bidiyo naga ana ta turawa a gurup ɗinmu na WhatsApp, wai a Rasha an kama shugaban 'yan luwaɗi na duniya kuma Putin yasa an kashe shi a kurkuku. Wasu nata murna wasu na cewa ƙarya ne. Meye gaskiyar maganar? Daga wani malamin makaranta, Tudun Wadan Zariya.

AMSA: Malam, mutumin nan ba shugaban kowa bane. Sunansa Andrei Kotov, shekarunsa 48, yana da wani ɗan kamfani a Mosko mai suna Men Travel, irin kamfanonin nan da suke haɗa mutane rukuni guda su yanka musu tikiti su kama musu otal su kai su yawo. A ƙarshen watan Nuwamba 2024 jami'an tsaro suka dira gidansa cikin dare suka kama shi, a ƙarshen makon da aka kai samame wasu gidajen rawa na Mosko, kuma ranar 30 ga Nuwamban ce aka cika shekara ɗaya cif da hukuncin Kotun Ƙolin Rasha da ya haramta abin da suka kira ƙungiyar LGBT ta duniya, wato ta 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo da makamantansu. In dai bidiyon da kuke gani shine wanda mutum yake kwance rub da ciki a ƙasa, hannu a baya, gashi ya rufe masa fuska ana tsaye a kansa ana jefo masa tambayoyi, to na lokacin kamun ne.

Abin da kafafen gwamnati suka ce shine yana shirya tafiye-tafiye don maza masu neman maza, ya taɓa kai su yawo a jirgin ruwa a kogin Volga, kuma yana shirin kai wasu Masar hutun sabuwar shekara. Aka tuhume shi a ƙarƙashin sashe na 282.2 na dokar manyan laifuka ta Rasha, sashen da ya shafi shiryawa ko shiga ayyukan ƙungiyar masu tsattsauran ra'ayi, wanda mai shiryawa zai iya shan ɗaurin shekara 10. Shi kuma a gaban alƙali ya musanta, yace tafiye-tafiyensa yawon buɗe ido ne kamar na kowa, kallon wuraren tarihi da hutawa a bakin ruwa da kamun kifi, babu wani taro babu wani kamfe, sannan ya gaya wa kotu cewa lokacin kamun an dake shi a fuska da ƙafafu an kuma ɗana masa na'urar shokin. Kotu bata sake shi ba, aka tura shi gidan waƙafi na Vodnik a Mosko, aka sa sunansa a jerin 'yan ta'adda da masu tsattsauran ra'ayi na hukumar sa ido kan kuɗi ta Rasha, wanda duk wanda ya shiga jerin nan rufe masa akawun ake tun kafin a fara shari'a.

Ranar 29 ga Disamba 2024 aka tsinci gawarsa a ɗakin da yake tsare. Mai bincike ya gaya wa lauyarsa cewa kashe kansa yayi. Zancen wai Putin ne yasa aka kashe shi, babu wanda ya kawo hujjarsa, kada ku yaɗa. Abin da yake tabbas shine da ransa ya shiga hannun hukuma, cikin wata ɗaya ya fito gawa. A Nuwamba 2025 wata kotu a Mosko ta same shi da laifi bayan mutuwarsa, kan tuhumar tsattsauran ra'ayin da kuma wata tuhuma ta biyu da aka ƙara masa, ta amfani da wanda bai kai shekara 18 ba wajen haɗa hotunan batsa. Wannan ta biyun ba ƙaramar magana bace, in har ta tabbata laifi ne mai muni a ko'ina a duniya kuma yaron da aka cuta shine farkon wanda ya cancanci a tsaya masa, to amma mutumin da zai tashi yace ga amsata baya raye lokacin da aka saurari maganar.

Ni abin da yafi tsaya min a rai shine yadda abubuwan suka jeru. Bidiyo ya fara fita, sai rufe akawun, sai kotu tazo daga baya. Ɗan kamfani irin wannan bashi da jari sai yardar mutane, kwastoma ya baka fasfonsa ya baka kuɗinsa ya baka lambarsa saboda ya yarda da kai, to ranar da aka nuna ka kwance a ƙasa duk ƙasar ta gani, wa zai sake kiranka, wanda ya taɓa tafiya da kai ma goge lambarka zaiyi saboda tsoron kada a zo kansa, kuma su ɗin ne kaɗai shaidun da zasu iya cewa ai mun je kifi kawai muka kama. Kafin ya buɗe baki a kotu kamfanin ya riga ya mutu, shaidunsa sun watse, kuɗin ɗaukar lauya ma an rufe.

TAMBAYA: Salam Barista. Ni ɗaliba ce ina karatun likita a Rasha shekara ta biyu. Abun ya ɗaure min kai, ta yaya kamfanin saida tikiti zai zama ƙungiyar ta'addanci? Kuma gaskiya ina jin tsoro don akwai 'yar ajinmu da take saka irin waɗannan abubuwan a shafinta kuma ina danna mata laik wani lokacin ba tare da na karanta ba. Zai iya shafata?

AMSA: Ƙanwata, tambayarki itace zuciyar maganar gaba ɗaya, bari in ɗan ja baya. A Rasha an cire luwaɗi daga jerin laifuka tun 1993, har yau a takarda ba laifi bane. A 2013 aka kawo dokar hana abin da suka kira farfaganda a gaban yara, a Disamba 2022 aka faɗaɗa ta ta shafi kowa da kowa babba da yaro, tarar mutum ɗaya tana kaiwa rubul 400,000, ta kamfani kuma rubul miliyan 5. Sai a Nuwamba 2023 ma'aikatar shari'a ta kai ƙara Kotun Ƙoli, ranar 30 ga watan aka zauna ƙofa a rufe, alƙali ya ayyana ƙungiyar LGBT ta duniya a matsayin ta masu tsattsauran ra'ayi. To ga inda gizo ke saƙa, babu wata ƙungiya mai wannan sunan da take da rajista ko ofis ko shugaba ko katin zama mamba, shi yasa ma ranar shari'ar babu wanda ake ƙara a zauren, mai ƙara ne kawai da alƙali. Tunda babu jerin mambobi, ɗan sandan da ya kama ka shine zai fara yanke cewa kai mamba ne.

Ki duba abin da ya biyo baya. A farkon 2024 an tsare wata mata kwana 5 a Nizhny Novgorod saboda 'yan kunne masu launin bakan gizo. A Maris 2024 aka kama ma'aikatan wata mashaya a Orenburg, itace shari'ar manyan laifuka ta farko a ƙarƙashin hukuncin. A Mayu 2025 abin ya kai ga ma'aikatan kamfanin buga littattafai a Mosko. Mai saida tikiti ya shiga ta wannan ƙofar ne.

Kuma ina so masu karatu su san wani abu da ba a cika faɗa a gurup-gurup ɗinmu ba. Wannan sashe na 282.2 ba don 'yan luwaɗi aka ƙirƙire shi ba, ya daɗe yana cin Musulmi. A 2009 Kotun Ƙolin Rasha ta haramta Jama'atut Tabligh da sunan tsattsauran ra'ayi, waɗannan bayin Allah da muka sani masu fita da'awa da jakarsu da tabarmarsu, an ɗaure mutane da dama a kan haka. A 2008 ta haramta wata ƙungiya da ta kira Nurjular, ta masu karanta littattafan malamin nan na Turkiyya Said Nursi, su kuma masu karatun suna ta rantsuwa babu wata ƙungiya, zama kawai suke a gida su yi karatu su sha shayi, amma aka riƙa kama su ana cewa sun ci gaba da ayyukan haramtacciyar ƙungiya. A 2017 aka yi wa Shaidun Jehobah haka. Hanya ɗaya ce, a haramta suna, sannan a riƙa liƙa wa mutane sunan.

Game da ke kuma, ki kula sosai. Baƙo a Rasha in aka same shi da laifin farfagandar nan ana iya cin tararsa ko a tsare shi har kwana 15 sannan a kore shi daga ƙasar, kinga karatun shekara shida ya tafi kenan. Nuna alamar haramtacciyar ƙungiya, har da hoto a shafin mutum, shima yana jawo tsarewar kwana 15, in aka maimaita ya koma babban laifi. Abin da aka fi kama mutane a kai shine abin da suka wallafa ko suka sake turawa a shafinsu, don haka ki bi shafukanki musamman VK, dandalin sada zumuntan nan na Rasha, ki duba abin da kika taɓa sharin, ki daina danna abin da baki karanta ba. In aka taɓa kiranki ofishin 'yan sanda kada ki sa hannu a takardar da baki gane Rashancinta ba, ki nemi tafinta da lauya, kuma ki sa a sanar da ofishin jakadancin Najeriya a Mosko, haƙƙinki ne. Ita kuma 'yar ajin naku kada ki kai ƙararta wajen kowa don ki wanke kanki, ki ja ta gefe ki gaya mata hatsarin da take ciki.

TAMBAYA: Barista ni dattijo ne shekarata 67 kuma na daɗe ina karanta wannan fili. Naji ance zaka yi magana akan wannan mutumin. Ina maka nasiha da kaji tsoron Allah. Me ya haɗa mu da mai aikin mutanen Annabi Luɗu? Ai gwamnatin Rasha taimakon addini tayi. Ko kaima an saye ka ne? Daga Katsina.

AMSA: Baba, na gode da nasiha, Allah ya ƙara girma, kuma tsoron Allah ɗin ne yasa zan amsa maka ba tare da kwana-kwana ba. Hukuncin addini a kan wannan aiki sananne ne, ni ba malami bane kuma ba fatawa nake bayarwa a wannan fili ba, babu wanda ya tambaye ni halal ko haram. Abin da aka tambaye ni shine me ya faru da wani mutum a hannun hukuma, wannan kuwa aikina ne.

Baba kai ka fi ni sanin ayar nan ta 8 a Suratul Ma'ida, inda aka hane mu kada ƙin wasu mutane ya sa mu ƙi yin adalci. Ba a ce sai wanda muke so ba, wanda muke so ai baya buƙatar aya. Ka san kuma yadda shari'armu ta tsananta wajen hujja a irin wannan tuhuma, shaidu huɗu da suka gani da idonsu, ta hana leƙen asirin mutane, ta ce in fasiƙi yazo da labari a bincika. A mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya kalli mutum yace masa kai ɗan luwaɗi ne ya kasa kawo shaidu, shi za a yi wa bulala 80 ta ƙazafi. To a ina cikin wannan tsarin aka ce a fasa wa mutum gida da dare, a dake shi, a sa masa shokin, a ɗauki bidiyonsa a watsa, sannan a nemo hujja daga baya? Wanda yake tsare amana ne a hannun wanda ya tsare shi, ko ɓarawo ne ko mai kisan kai, cinsa da shansa da maganinsa da ransa duk suna wuyan hukuma. In kashe kansa yayi kamar yadda suka faɗa, to a ɗakinsu yayi, a ƙarƙashin gadinsu.

Zancen taimakon addini kuma, Baba, sashen dokar da aka kama wannan mutumin da shi shine dai wanda aka ɗaure 'yan Tabligh da shi kamar yadda na faɗa a sama. Hausawa suka ce in kaga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa. Duk ranar da muka yi tafi don an daki wani ba tare da shari'a ba saboda bama son abin da ake zarginsa da shi, mun ba da izinin a yi wa ɗanmu haka ranar da wani zai liƙa masa nasa sunan, kuma mu nan arewa mun san yadda kalmar ɗan Boko Haram ta ci samarin da basu ji ba basu gani ba. Wallahi mutuwar mutumin nan ta dame ni, yana da 'yan'uwa da abokai, kuma bana jin kunyar faɗin haka. Ba wanda ya saye ni Baba.

TAMBAYA: Yallabai wai da gaske ana yi wa matacce shari'a? Ni dariya ma abun ya bani. Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi.

AMSA: Ɗan'uwa ana yi, kuma asalin dalilin mai kyau ne. A dokar Rasha in wanda ake tuhuma ya mutu rufe fayil ake, sai dai in ana buƙatar ci gaba don a wanke sunan mamacin. A 2011 Kotun Tsarin Mulkinsu ta ce ba za a rufe irin wannan shari'ar ba in dangi na kusa basu yarda ba, saboda rufewa a haka tamkar an bar tuhumar ne a kan kabarinsa har abada, 'ya'yansa su tashi da ita. Wato ƙofa ce da aka buɗe wa iyali su kare mutuncin nasu. Matsalar itace a Rasha cikin mutum 100 da suka gurfana a shari'ar manyan laifuka ko ɗaya ba ya cika fita a wanke, to kaga ƙofar wanke suna sau da yawa tabbatar da laifi take ƙarewa. An yi haka da Sergei Magnitsky wanda ya mutu a tsare a Mosko a 2009 aka same shi da laifin ƙin biyan haraji a 2013. Ba a ɗaure matacce, abin da ake yanke wa hukunci sunansa ne kawai.

TAMBAYA: Barista ni manajan wani ƙaramin otal ne a Kaduna muna bada hol haya na biki da bazday. Mu a nan me doka tace? Zan iya shiga matsala akan abin da baƙi sukayi?

AMSA: Zaka iya, shi yasa ya kamata ka san dokar. Dokar haramta auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairu 2014 ta tanadi shekara 14 ga masu auren, shekara 10 ga wanda yayi rajista ko ya gudanar ko ya shiga kulob ko ƙungiyar 'yan luwaɗi, da shekara 10 ga wanda ya halarci ɗaurin auren a matsayin shaida ko ya taimaka ko ya tallafa wa irin waɗannan ƙungiyoyi da tarukansu. Kalmar tallafawa ɗin nan tana da faɗi, ta nan mai hol ko mai mota zai iya tsintar kansa a ciki. Ban da wannan akwai sashe na 284 na Penal Code, dokar laifuka ta arewa, wanda ake hukunta luwaɗi da shi, da kuma dokokin shari'ar Musulunci a jihohi 12.

Ga misalin da ya kamata kowa ya sani. A Agusta 2018 'yan sanda suka kama maza 57 a wani otal a Egbeda ta Legas, aka yi holinsu gaban kyamarori, su kuma suka ce bikin bazday suka je. Aka gurfanar da 47 a Babbar Kotun Tarayya, aka yi ta ɗage zama, a Oktoba 2020 Mai shari'a Rilwan Aikawa ya kori ƙarar saboda masu gabatar da ƙara sun kasa tsayawa su kawo shaidu. Shekara biyu, ba a samu ko mutum ɗaya da laifi ba, amma wasunsu sun rasa aiki wasu dangi sun kore su saboda fuskarsu ta riga ta fita a talabijin. Legas ta gyara dokarta a 2021 ta hana holin waɗanda ake zargi. Kai dai ka riƙa rubuta wanda ya kama hol da katin shaidarsa da dalilin taron, ka bada rasit, ka ajiye kwafi. In an zo kame kada ka yi gardama a wurin, ka kira lauya, ka tuna sashe na 36 na tsarin mulki ya ce kai mara laifi ne har sai kotu ta tabbatar, sashe na 35 ya ce a kai ka kotu cikin kwana ɗaya ko biyu gwargwadon nisan kotun, dokar hana azabtarwa ta 2017 kuma ta haramta duka don a tilasta maka amsa laifi.

TAMBAYA: Barista dan girman Allah ka taimake ni, bacci ma bana iya yi. Ina da ɗan kamfanin jirgin yawo a Kano, Umara muke kaiwa da Dubai da Masar, shekara tara ina wannan sana'ar da ita nake riƙe marayuna. Tunda labarin Rasha ɗinnan ya fito wani shafi a Facebook ya saka hoton ofis ɗina wai muma irin aikin da muke kenan, wai muna fitar da samari waje. Wallahi tallahi ƙarya ne, kuma nasan wanda ya sa akayi, tsohon abokin hulɗa ne da muka rabu akan kuɗi. Dalilinsu kawai akwai yaron da yake min aikin biza, maganarsa da tafiyarsa kamar na mata, haka Allah ya halicce shi, maraya ne tun yana sakandare yake wajena. Mutum shida sun janye kuɗin Umararsu. 'Yan'uwana sunce in kore shi in fito layib in rantse da Alƙur'ani in nuna fasfunan kwastomomina kowa ya gani. Me zanyi? Daga wata Hajiya, Kano.

AMSA: Hajiya sannu, Allah ya kawo mafita, na san irin zafin da kike ji don a sana'arku suna shine jari. Amma shawarar 'yan'uwan nan, duk da don ƙauna suka bayar, zata ƙara rusa ki ne.

Fasfunan mutane kada ki kuskura ki nuna ko ɗaya. Amana ce, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 zata iya hawa kanki, kinga an bar maganar ƙarya an koma maganar laifin da kika yi da hannunki, sannan duk Alhajin da yaga fasfon wani a Facebook zai ce gobe nawa ne. Layib ma ki bari. Mutum in yana cikin ɓacin rai yana kuka yana rantsuwa, daƙiƙa goma za a yanko daga maganarsa a sa mata wani kanun, waɗanda basu taɓa jin zancen ba ma yanzu su ji.

Abin da zaki fara yi yau ɗin nan, kafin su goge, ki sa a ɗauki sikirinshot na rubutun da hoton da kwanan wata da adireshin shafin da sharhin da aka yi a ƙasa, a ajiye a waya biyu a kuma buga a takarda. Ki rubuta sunayen mutum shidan da suka janye da nawa kowa ya karɓa da ranar, in akwai wanda ya turo miki saƙo yace saboda abin da ya gani ne ya fasa to wannan saƙon zinariya ne, shine hujjar asara. Ki haɗa takardunki, rajistar CAC hukumar rajistar kamfanoni, lasisin NAHCON hukumar alhazai, shaidar NANTA ƙungiyar kamfanonin tafiye-tafiye in kina ciki, da rasit ɗin tafiye-tafiyen baya. Sai ki je wajen lauya ya rubuta wa mai shafin takarda, ya cire rubutun ya janye maganar a fili ya bada haƙuri cikin kwanakin da za a ɗibar masa. Da yawa a nan suke sarewa, don mai shafin in yaga abin zai kai kotu shi da kansa yake faɗin wanda ya bashi aikin. In yaƙi, kina da hanyoyi, ƙarar neman diyya ta ɓata suna a babbar kotu, ko ƙarar laifi a ƙarƙashin sashe na 391 da 392 na Penal Code wanda ɗaurinsa yana kaiwa shekara 2, ko kotun shari'ar Musulunci in maganar ta kai ƙazafi. Lauyanki zai duba kalmomin da aka yi amfani da su ya gaya miki wacce tafi ƙarfi. Sunan wanda kike zargi kuma kada ki ambata a fili tukuna, sani daban hujja daban, kada ki wayi gari ke ake ƙara.

Ga jama'a kuma sanarwa ɗaya ta isa, gajeriya, a kan takardar kamfani, cewa labarin ƙarya ne, ga lambar lasisinmu, magana tana hannun lauya. Sauran aikin a waya zakiyi shi, ki kira tsofaffin kwastomominki ɗaya bayan ɗaya, malaman da suka taɓa jagorantar ayarinki, matan da kika riƙe wa hannu a ɗawafi, su ne zasu yi miki magana a majalisu da gidajen biki inda sanarwa bata zuwa. In da hali ki sanar da shugabannin ƙungiyarku da mai unguwa tun kafin wani ya kai musu labarin a karkace.

Sai maganar yaron, kuma ita tafi damuna. Hajiya kada ki kore shi. Ta fuskar shari'a ma korar zata zama kamar kin amsa, lauyan wancan ɓangaren zai tashi yace in ƙarya ne me yasa ta sallame shi a satin da labarin ya fita. Ta fuskar Allah kuma, yaron nan bai yi miki komai ba, ke da bakinki kika ce haka aka halicce shi, yanayin magana da tafiya ba laifi bane a kowace doka, ta Najeriya ko ta Musulunci. Ke kina da ofis da lasisi da dangi da kuɗin lauya, shi bashi da kowa sai ke, kuma a garuruwanmu mun sha ganin yadda zargi irin wannan yake tara matasa a kan mutum kafin 'yan sanda su iso. Ranar da kika sallame shi kin gaya wa unguwa cewa shi ne, kin kuma cire masa inuwar da yake ciki.

Ki zaunar da shi ki gaya masa abin da ake ciki da bakinki, don na tabbata ya riga ya gani kuma yafi ki tsoro. Na ɗan lokaci ya riƙa aikin bizar daga gida ko daga ciki inda ba a ganinsa, albashinsa yana tafiya, kada ya riƙa tafiya shi kaɗai da dare, kada ya amsa kowa a intanet. In a rubutun an saka hotonsa ko sunansa to shima an ɓata masa suna, lauyan ya haɗa da shi a takardar a matsayin wanda aka cuta. In kuma aka fara turo barazana, gare ki ko gare shi, ku kai rahoto a rubuce ofishin 'yan sanda tare da lauyan, ku karɓi kwafin da aka buga wa hatimi, kada ku je ku kaɗai.